Nana Asma'u Ɗiyar Shehu: Malamar Da Ta Hana A Manta Da Mamata

 

  A wannan fitowa, filinmu na tarihin magabata zai leƙa rayuwar wata baiwar Allah wadda da wuya a sami mace a ƙasar nan da ba ta taɓa jin sunanta ba, domin ga makarantun Islamiyya da na boko nan birjik da aka sa wa sunan, ga kuma 'ya'yanmu mata da muke kira da shi a cikin gidajenmu. Wato Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su da rahama. Sai dai in kika tambayi mutane me ta yi, mafi yawa za su ce miki malama ce, ta yi waƙoƙi, shi ke nan. Gaskiya ne ta yi. To amma akwai wani ɓangare na aikinta da ba a cika kula da shi ba, shi ne yadda ta ɗauki alƙalami ta riƙa rubuta halayen mutanen da suka rasu a zamaninta, tun daga Sarkin Musulmi har maƙwabciyarta, don na baya su san su, su yi koyi da su, su yi musu addu'a.

A wasu ƙananan garuruwan Amurka suna da wata al'ada. Sau ɗaya a shekara mutanen gari sukan taru a maƙabarta, wasu su sa tufafi irin na mutanen da, kowa ya tsaya gefen wani kabari yana ba da labarin mai kabarin kamar shi ne ke magana, jama'a kuwa na zagayawa suna saurare. Manufarsu ita ce yara su san waɗanda suka kafa garin. Mu musulmi maƙabarta ba wurin wasan kwaikwayo ba ce a wurinmu, wuri ne na sallama da addu'a da tuna lahira. Amma buƙatar da ta sa suke yin haka mu ma muna da ita, kuma Nana Asma'u ta biya mana ita tun fiye da shekara 160 da suka wuce, ta hanyar da ta dace da addininmu da kunyarmu.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan lokaci, a shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Kin san dai al'adarmu, in an sami Hassan to ta biyun Husaina ce. Amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Ikon Allah, sai ga shi ita ma tun tana yarinya ta ɗanɗani hijira.

Tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta ta rasu, sai abokan zaman uwarta, A'isha da Hauwa'u, suka riƙe ta. Ki tsaya nan ki yi tunani kaɗan, 'yar'uwa. Wannan malama da duniya ke alfahari da ita marainiya ce, kuma a hannun kishiyoyin uwarta ta tashi. Da sun wulaƙanta ta, ko sun mai da ita 'yar aike da wanke-wanke kawai, da yau wace Asma'u za mu karanta? Daga baya ita da kanta ta sa sunayensu cikin jerin mata masu albarka da ta rubuta.

Gidan Shehu kuwa makaranta ne tun daga zaure har cikin ɗakuna. Mata na karatu, suna kuma karantarwa. Yayarta Hadiza malama ce babba wadda ta yi zurfi a fiƙihu. A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci tauhidi da fiƙihu da hadisi da tarihin Annabi (SAW), a wurin mahaifinta da yayyenta maza da mata. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa har tana rubutu da su duka uku, tana kuma jin harshen Buzaye. Ba abin mamaki ba ne, domin Shehu a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Abin da ya faɗa wa mutane shi ya fara aikatawa a gidansa.

Hijira da shekarun wahala

Tana da shekara kamar 11 al'amura suka ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu, aka ɗora littattafai a bayan raƙuma, mata da yara da tsofaffi suna biye. A watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, Allah Ya ba jama'a nasara. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka yi na Tsuntsuwa, inda aka yi asarar ɗimbin mutane, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Daga nan sai tafiya zuwa ƙasar Zamfara, sai Gwandu a 1805, ga yunwa, ga cuta, ga abokan gaba sun kewaye ta ko'ina, har aka sake shan wuya a Alwasa. Sai a 1808 ne Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi.

Duk wannan a idon Asma'u aka yi shi. Ta ga matan da aka mayar zawarawa dare ɗaya, ta ga marayu, ta ga inda aka rufe malamai a daji aka wuce ba tare da wata alama ba. Wanda ya ga irin wannan tun yana ƙarami ya san saurin da mutum ke ɓacewa daga bakin mutane in ba a sami mai riƙe sunansa ba.

Aurenta da zaman Sakkwato

Cikin waɗannan shekaru na yaƙi, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da aka gina Sakkwato a 1809 suka zauna can. Shi kuwa Shehu ya zauna Sifawa, kusa da Boɗinga, har zuwa 1815 sannan ya koma Sakkwato. Ke da kike tasowa daga Jabo ko Tambuwal ko Kebbe za ki Sakkwato asibiti ko biki, in kin wuce Shagari kin doshi Boɗinga, to ki sani ƙasar da motarku ke ratsawa ta ga Shehu da almajiransa, kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga kafin ya koma Gwandu.

A watan Afrilu na 1817 Allah Ya yi wa Shehu rasuwa. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Kin ga ke nan Asma'u ta zama uwargida a gidan da baƙi ba su yankewa, daga malamai sai manzannin sarakuna sai matafiya daga ƙasashe masu nisa. Har Baturen nan na Birtaniya, Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya kula da saukarsa. Ga girki, ga baƙi, ga haihuwa da reno, domin ta haifi 'ya'ya maza shida, na farin ya rasu yana jariri. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a Waziri, kuma daga zuriyarsu ne aka ci gaba da samun Waziran Sakkwato, har zuwa kan Waziri Junaidu, masanin tarihin nan da ya rasu a 1997.

Duk da wannan hidima ba ta ajiye littafi ba. Bayan rasuwar Shehu ita ce ta tsaya kan tattara rubuce-rubucensa da tsara su, waɗanda suka sha yawon hijira da ruwa da gara. Aiki ne da sai wanda ya san harsunan, ya kuma san hannun marubucin, zai iya. Mijinta bai hana ta ba, hasali ma abokin aikinta ne. Shi ya rubuta Raudul Jinan kan rayuwar Shehu da mutanensa, daga baya kuma ya yi wani littafin kan Bello, ita kuma tana mayar da irin wannan tarihi waƙa don ya shiga kunnen waɗanda ba su jin Larabci.

Alƙalaminta

Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen 60, tsakanin zube da waƙa. Na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Ta mayar da waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi wata gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kamar 30, don mace mai daka ko kaɗi ta iya riƙe su. Ta yi Goɗaben Gaskiya kan aikin da ke kai mutum Aljanna da wanda ke kai shi wuta. Ta rubuta Tabshirul Ikhwan kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, don ta janye mata daga bori da 'yan tsibbu.

Akwai guda biyu da suka fi shafar zancenmu na yau. Ta farko ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Sarkin Musulmi Bello ne ya rubuta littafi da Larabci kan salihan mata, ya nemi ƙanwarsa ta mayar da shi waƙa, ta kuwa yi a wajen 1837. Ta fara da matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta zo kan irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nana Nafisa ta Masar. Sannan sai ta gangaro gida, ta kawo matan jama'ar Shehu, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubal da Habiba, tana faɗin abin da aka san kowace da shi, wannan karatun Alƙur'ani, wannan sasanta mutane, wannan koyar da mata. Kin ga hikima? Macen ƙauye in ta ji sunan Nana A'isha (RA) tana iya cewa ai wannan ta yi mini nisa. Amma in ta ji a cikin jeri guda an ambaci wadda kakarta ta sani ido da ido, sai ta gane cewa ƙofar ba a rufe take ba.

Ta biyu ita ce wadda ta yi da Fulatanci a 1839 kan tafiye-tafiyen Shehu, wadda ƙanenta Isa ɗan Shehu ya mayar Hausa bayan rasuwarta, aka san ta da Waƙar Gewaye. A cikinta takan ɗauki mai sauraro ta bi da shi zango-zango, daga Degel zuwa Gudu, zuwa wuraren da aka gwabza, zuwa Gwandu da Sifawa, har Sakkwato, tana ambaton mutanen da suka tsaya tare da Shehu. Mace tana zaune a tsakar gidanta, ba ta taka ko ƙofar zaure ba, sai ga shi ta gewaya duk inda magabata suka bi.

Marsiyyoyinta

Allah Ya ba Nana Asma'u tsawon rai, wanda kuwa ya daɗe a duniya shi ke rufe nasa. Kusan duk wanda ya rasu cikin makusantanta sai ta yi masa marsiyya, wato waƙar alhini da addu'a.

Da Bello ya rasu a Wurno a 1837 ta yi masa, ta kuma sake yin wata waƙa musamman kan halayensa. Mutumin da ya yi shekara 20 yana sarauta, ya ci yaƙoƙi har da na Gawakuke a 1836, amma abin da ƙanwarsa ta fi tsayawa a kai shi ne ilminsa da tsoron Allah da adalci da yadda yake kula da talakawa da baƙi.

Mu mutanen wannan yanki muna da rabo na musamman a cikin waɗannan waƙoƙi. Yayanta Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma mawaƙi da Larabci, wanda ya tashi a hannun baffansa Malam Abdullahi, shi ne ya zauna Tambuwal ya riƙe ta a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, kuma daga zuriyarsa sarautar Tambuwal ta ci gaba. Da ya rasu wajen 1840, Asma'u ta yi masa marsiyya. Yaranmu nawa ne a Jabo da Dogon Daji da Sanyinna suka san cewa ɗan Shehu na cikinsa ya zauna nan kusa da mu, har 'yar'uwarsa ta yi kukan rashinsa a rubuce?

Ta yi wa mijinta Giɗaɗo da ya rasu wajen 1851, bayan zaman aure na fiye da shekara 40. Ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello, ɗiyar Umaru Alkammu abokin Shehu, wadda suka sha wuyar hijira tare, ta rasu a 1855. Ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, wadda aka sani da kyauta da ciyar da jama'a.

To, duk waɗannan manya ne, ko ba ta rubuta ba wani zai rubuta. Inda Nana Asma'u ta bambanta shi ne sauran. Akwai maƙwabciyarta Halima, wadda ba 'yar sarki ba ce, ba a kuma san ta da wani littafi ba. Da ta rasu Asma'u ta yi mata marsiyya, ta yabe ta da hankali da kyakkyawar maƙwabtaka da son yara da manya da riƙon zumunci. Akwai Zaharatu, wadda ta yi wa tata wajen 1857. Me Zaharatu ta yi? Tana koya wa mata addini, in mace na naƙuda aka kira ta sai ta zo, in an yi rasuwa aka nemi mai wankan gawa sai ta zo ba tare da jan jiki ba. Wato ungozoma ce mai wankan mamata, irin wadda kowane gari yake da ita. Da tawadar da aka rubuta Sarkin Musulmi Bello da ita aka rubuta Zaharatu, shi ya sa yau, bayan shekara fiye da 160, ni da ke muke ambaton ta muna cewa Allah Ya jiƙan ta.

Wannan kuwa sunna ta bi. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa akwai wata baƙar mace da ke share masallacin Annabi (SAW). Ta rasu aka rufe ta ba a sanar da shi ba, kamar an ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya rasa ganin ta ya tambaya, aka gaya masa, sai ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Haka kuma bayan rasuwar Nana Hadiza (RA) ya kasance in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama.

'Yan Taru

Rubutu in yana cikin gafaka bai amfani kowa ba. Matsalar da ke gaban Asma'u ita ce, ƙauyuka cike suke da mata waɗanda ba su sami karatu ba, da yawa bori ne abin da suka tashi suka tarar, kuma matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta tafi Sakkwato neman ilmi. Sai ta fito da tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga gari, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Wannan malfa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar matan bori. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama.

Jaji takan taso da ayarin 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba da tsofaffin da suka wuce haihuwa, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa har gidan Asma'u, ɗauke da sadakar da matan gari suka tara, hatsi da zuma da man shanu da zane. Ita kuma ta raba wa mabuƙata, ta zaunar da su ta koya musu waƙoƙin har su riƙe, ta amsa tambayoyin da aka aiko su da su kan tsarki da salla da zaman aure. In sun koma sai su bi gida-gida suna koya wa matan aure a ɗakunansu. Ke nan, 'yar'uwa, irinki aka yi wa wannan tsari, mai miji da yara da tukunya a kan murhu.

Ɗaya daga cikin waɗannan jagorori ita ce Hauwa'u. Da ta rasu wajen 1858, Asma'u ta yi mata marsiyya, ta tuna yadda take zuwa da ayarinta shekara da shekaru, rani da damina, don Allah kawai, ta kuma haɗa da yi wa matan da ke biyo ta addu'a.

Rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta dawo gida bayan rasuwarsa, ita ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi jikar Shehu. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, amma mata ba su fasa zuwa Hubbare ba. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da su suna zuwa da waƙoƙin a bakinsu. Da taimakon Waziri Junaidu, wanda ya buɗe mata taskar littattafan gidansu, ta fitar da littafi kan rayuwar Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga rubuce-rubucenta a haɗe. Ki lura, abin da ya sa baƙi suka sami abin ɗauka shi ne 'yan gida sun adana, wasu a takarda, wasu a ka.

To, ina namu?

Game da ziyarar kabari, an san cewa Annabi (SAW) ya hana da farko, daga baya ya yi izini saboda tana tuna lahira. A kan mata kuwa malamai sun yi saɓani, wasu sun hana, wasu sun halatta da sharaɗin sutura da natsuwa da barin kururuwa. Shehu da kansa a Ihya'us Sunna ya ja kunne kan bidi'o'in da ake yi wajen jana'iza da kaburbura, saboda haka mai zuwa Hubbare ta je da sallama da addu'a, roƙo kuwa Allah kaɗai ake yi wa. A garuruwanmu dai mata ba su bin makara, kuma aikin da nake kiran mu gare shi bai buƙatar ki taka maƙabarta ko sau ɗaya.

Maƙabartar Jabo, kamar ta kowane gari, cike take da irin su Halima da Zaharatu. Akwai ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwa. Akwai tsohuwar da ta koya wa iyayenmu Fatiha da ƙananan surori kafin a san wani abu wai shi Islamiyya. Akwai wadda ta yi shekara da shekaru tana wankan mamata ba ta taɓa fallasa abin da ta gani ba. Akwai wadda ta riƙe marayun kishiyarta da kuɗin fura da ƙuli-ƙuli, da wadda ta buɗe rumbunta a farin 1973. Kabarinmu ba a rubuta suna, bayan 'yan damuna ƙasa ta daidaita, kuma haka ya dace. To amma in ƙasa ta shafe kabari, mu kuma muka bar sunan ya shafe, wa zai yi musu addu'a da suna? Yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan fim da 'yan ƙwallo har da na matansu, amma ki tambayi ɗiyarki sunan kakar kakarta ki ji.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Ki sayi littafin rubutu guda, ki sami tsohuwar da ta rage a gidanku ko gidan mijinki, surukarki ce ko gwaggo ko inna, ki kai mata goro ki zauna. Ki tambaye ta matan da ta tarar: sunansu na yanka, ba laƙabin kunya kaɗai ba, iyayensu, garin da aka auro su, sana'arsu, wurin wa suka yi karatu, da wane hali aka san su. In ba ta san shekarar rasuwa ba ta san zamanin wane sarki ne, ko shekarar wace yunwa. Ki rubuta da boko ko da ajami, duk wanda hannunki ya fi sabawa. In ba ki rubutu, ɗiyarki 'yar makaranta ta rubuta, kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kada ki ce sai an gama aikin gona ko sai bayan salla, domin tsofaffin nan kullum raguwa suke yi.

Sai dai a kiyaye abu uku da ita Nana Asma'u ta kiyaye. Na ɗaya, alheri ake ambata, domin Annabi (SAW) ya hana zagin mamata, saboda haka tsohuwar rigimar kishi da ta gado a bar ta inda take. Na biyu, gaskiya ake faɗa, kada a ƙara gishiri a mai da kowace kaka waliyyiya. Yabon da ta yi wa Halima na maƙwabtaka ne da zumunci, ba ta ɗora mata abin da ba ta yi ba. Na uku, a rufe da addu'a, don ita ce abin da mamaci ke buƙata a wurinmu.

Mu kuma malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiya a rassa, me zai hana a ranar walimar sauka ko taron wata-wata a ware minti goma, wata ɗaliba ta tashi ta karanta tarihin mace guda daga cikin magabatan garin, da izinin danginta, a yi mata addu'a? In kowane reshe ya yi mace 12 a shekara, cikin shekara biyar an sami 60 a gari guda. Wanda aka tattara kuma a aiko wa wannan fili, mu karanta tare.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifanta da mijinta, Ya jiƙan Halima da Zaharatu da Hauwa'u, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da ke kwance a Jabo da Tambuwal da Kebbe da sauran garuruwan musulmi, Ya haskaka kaburburansu. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, Ya bar mana masu tuna mu da alheri. Amin summa amin.